Kiɗan da Ya Dace da Ɗan Bensikin

A wasan kwaikwayon rediyo mai sauraro da kunne yake gani. Kiɗan da muke sakawa kafin ɗan wasa ya buɗe baki shi ne rigarsa, shi ke gaya wa mutane wanda ya shigo. Zaɓen wannan kiɗa na cikin aikina, kuma ya fi rubuta labarin cin raina.

A wasanmu na mako-mako, wanda muka gina a kan rayuwar unguwar New Bell ta Duwala, mutum biyu ba su ba ni wahala ba. Tsohon mahauci na ba shi kalangu, domin tun asali kiɗan mahauta ne, kuma tsararsa da muryar Mamman Shata suka tashi. Bazawara mai sayar da abinci, wadda ba ta barin ko-ta-kwana, na ba ta kiɗan ƙwarya irin na Barmani Choge. Da an buga, matan unguwa sun san ta iso.

Jikan mahaucin ne ya tsaya mini a wuya. Ɗan acaɓa ne, abin da a nan muke kira bensikin. Kakansa daga Kano ya zo, shi kuwa a New Bell aka yanke cibiyarsa. Da fasinja Faransanci yake yi, a kasuwa buroka, a gaban kakansa Hausa. Abokan aikina suka ce Bahaushe ne, a ba shi kalangu a huta. Na ƙi, domin na san ire-irensa. Suna zuwa Arewa a ce musu 'yan Kudu, a Duwala kuma a ce musu baƙi. In na lulluɓe shi da kiɗan kakansa, na shiga sahun masu cewa garin da ya haife shi ba nasa ba ne.

Sai na raba masa kiɗa biyu. Da rana, yana kutsawa cikin cunkoson Ndokoti, makosa ce ke binsa, kiɗan Duwala da Manu Dibango ya kai wa duniya a 1972. Da dare, in ya ajiye babur yana ƙirga abin da zai miƙa wa mai shi, sai kuntigin Ɗan Maraya Jos ya shigo a hankali. Ɗan Maraya ya yi wa karen mota waƙa, ya san gumin mai aiki da abin hawan wani.

Bayan sati uku wani saurayi ya bugo waya a shirin, ya ce mahaifinsa ya tambaye shi dalilin da kiɗan yaron ke canzawa da dare. Ya ce sun kai tsakar dare suna hira a kai, abin da suka daɗe ba su yi ba.