Sauri Ya Haifi Nawa?

A farkon shekarar 2021 mahaifina ya sayar da wani kaso na shinkafar da ya noma a Bakura, ya ce in sayi kwamfutar tafi-da-gidanka. A lokacin ina karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, kuma na gaji da bin layi a shagunan buga takardu. Ranar wata Talata muka shiga gari tare, mai shago ya ajiye mana kwamfutoci biyu na hannu, kamanninsu ɗaya. Bambancinsu yana ciki, a ma'ajiyar bayanai. Ta farko tana da faifai mai juyawa wanda ke ɗaukar gigabait 1,000. Ta biyu tana da sabon samfurin da ake kira SSD, gigabait 256 kacal, amma ta fi sauri, kuma kuɗinta ya ɗara na ɗayar da kimanin farashin buhun shinkafa guda.

Mahaifina ya saurara har mai shago ya gama bayani, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, wane manomi ne zai ƙara kuɗi don a gina masa ƙaramin rumbu? Sauri ya haifi nawa." Ban yi musu ba, domin ni ma hankalina ya fi kwanciya da babban rumbun. Muka biya, muka koma gida da ragowar kuɗinmu.

Watannin farko na zauna da zaɓina lafiya, sai dai na koyi jira. Idan na kunna na'urar, nakan iya yin alwala in dawo ban tarar ta gama shiri ba. A garin da wutar lantarki ke zuwa ba sallama ta tafi ba ban kwana, kuma batirin na'urar hannu bai cika awa biyu ba, kowane minti na jira daga lokacin karatuna ake cire shi. Duk da haka na ɗauki abin a matsayin haƙurin da talaka ya saba da shi.

A ƙarshen daminar wannan shekara na ɗauki wani aiki da ba malami ne ya sa ni ba. Kakana na wajen uwa, wanda ke zaune a Maradun, yana cikin manoman da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonakinsu bayan an tare Gulbin Sakkwato, aikin da aka kammala a 1978. Ya kuma ga abin da ya faru a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyya. Littattafai sun rubuta labarin, amma babu littafin da ya san inda tsamiyar kan iyakar gonarsa take, ko sunayen waɗanda suka fita da safe ba su dawo ba. Na riƙa zuwa ina naɗar muryarsa da wayata. Da yake wayar ba ta da wuri, duk zaman da muka yi sai in juye shi a kwamfuta in goge na wayar. Tura shi ta intanet kuwa bai taso ba, domin tun watan Satumba an katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara. Zama goma sha ɗaya muka yi, kuma dukkansu a wuri ɗaya suke.

Ranar zama na ƙarshe hira ta ja mu har la'asar ta gabato, alhali a wancan lokaci mai hankali ba ya bari yamma ta same shi a hanya. Na juye muryar, na ba na'urar umarnin ta mutu, ta tsaya tana nuƙu-nuƙu kamar yadda ta saba. Direba yana ta danna oda. Na rufe ta haka nan na cusa a jaka. Ba mu yi nisa ba motar ta faɗa wani rami, jakar ta daki ƙarfen kujera. Da na isa Mafara na kunna, ba abin da na ji sai wata 'yar ƙara, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Mai gyaran da na kai wa ya yi kwana uku yana fama, daga baya ya kwance ma'ajiyar ya nuna mini cikinta. Faifai ne mai sheƙi kamar madubi, wanda ke juyawa sau 5,400 a minti guda, wato sau 90 a kowace daƙiƙa. A samansa akwai wani ɗan hannu mai karanta bayanai, yana shawagi a tazarar da silin gashi ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Idan aka girgiza na'urar tana cikin aiki, hannun yakan taɓa faifan ya karce shi. Ga karcen nan kuwa, zagaye, ina kallonsa da idona. Ita SSD, in ji shi, babu abin da ke motsi a cikinta. Shi ya sa take iya karanta megabait 500 a daƙiƙa inda faifai irin nawa yake fama da kimanin 100, ba ta cin batir sosai, kuma ba ta tsoron ramin hanya. Amma ya gargaɗe ni cewa ita ma tana mutuwa, kuma idan ta mutu ceto abin da ke cikinta ya fi wuya.

A nan na gane cewa tun a shago tambayar da muka yi wa kanmu ba ita ce daidai ba. Mun auna girma da girma, ba mu auna rayuwar wanda zai riƙe na'urar ba. Ban taɓa cika ko rubu'in babban rumbun nan ba. Wanda ke zaune a ofis mai wuta, yana tara finafinai da hotuna, faifai mai juyawa ya ishe shi, kuma ya yi dabara da ya riƙe kuɗinsa. Amma ɗalibin da ke yawo da na'urarsa tsakanin Bakura da Mafara da Maradun, yana ƙirga mintocin batir da na hasken rana, saurin da ake sayar masa ba ado ba ne. Da na'urata ta mutu cikin daƙiƙa goma, da ban sa ta a jaka tana juyawa ba. Sai dai ba zan ɗora wa faifai laifin da yake nawa ba: ni ne na zuba abin da ba shi da madadi a wuri guda.

Da na gaya wa mahaifina, bai ce komai ba. Bayan girbi ya ware buhu ɗaya ya ce in je in saka wadda mai shago ya faɗa tun farko. Na saka SSD, na kuma sayi 'yar ƙaramar ma'ajiya ta aljihu domin kwafi na biyu.

Sannan na koma Maradun ina jin kunya. Kakana ya yi dariya ya ce, "Wanga abu naka ashe ya fi ni mantuwa." Ya sake ba ni labarin, amma a gajarce, domin ƙarfinsa ya ragu, kuma wasu sunayen da ya faɗa a karon farko sun ƙi dawo masa. Zama uku muka samu kafin Allah Ya karɓi abinsa. Waɗannan ukun suna cikin kwamfutata, suna cikin ma'ajiyar aljihuna, kuma na rubuta su da biro a littafin da mahaifiyata ke ajiyewa a ƙasan akwatinta a Bakura.