Baƙon da Ba a Tarba da Ruwa Ba

A bazarar 2014 na haifi ɗana na fari a Katsina, inda na je goyon ciki gidan iyayena. Tun ina zuwa awo malaman asibiti suke ja mana kunne a kan abu biyu: a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, sannan kada a ba shi komai, ko da ruwa, sai ya cika wata 6. Suka ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan. Na ji, na kuma yarda. Damuwata ita ce yadda zan buɗe baki in faɗi wannan a gaban Gwaggo, yayar mahaifina, wadda duk jegon gidanmu a hannunta ake yi.

Maganar dakashi ta zo da sauƙi. Kafin a bar kowa ya shigo ɗakin haihuwa, ungozomar asibiti ta riga ta ɗora min shi a ƙirji ya kama. Da Gwaggo ta ga nonon, rawaya mai kauri, sai ta yi salati ta riƙe haɓa. A zamaninsu tatse shi ake yi a zubar, a yi ta ba yaro ruwan ɗumi ko nonon akuya har kwana uku. Wani lokaci ma a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa. In ta fito da rai nono lafiya lau, in ta mutu sai an yi wa uwa magani. Ungozomar ta durƙusa ta ce, "Hajiya, wannan shi ne rigakafinsa na farko." Gwaggo ba ta tanka ba.

Ruwa ne ya zama rigima. Watan Afrilu ne, iskar tsakar gida kanta ƙuna take yi, ni kuma ga wankan jego safe da yamma, ga kunun kanwa. Duk sanda yaro ya tsanyara kuka sai Gwaggo ta ɗauko ƙaramin cokali.

"Ke 'yar nan, ko baƙo ya zo gidanki ruwa kike fara ba shi. Angon nawa za ki kashe min da ƙishi?"

Maganar ta shige ni, don na san daga ina ta fito. Gwaggo ta binne 'ya'ya tun suna goye, tsoronta na gaske ne. Ga kuma alkunya: mai ɗan fari ba ta faɗin sunansa, ba ta zuba masa ido a gaban manya, balle ta yi musu a kansa. Amma na san daga inda ruwan cokalin ya fito: randar da kowa ke tsoma moɗa, wadda mai garuwa ya cika da safe. Gudawa ɗaya ta isa ta tafi da jaririn da bai yi sati ba. Kuma nonon uwa sama da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. In yaro yana jin ƙishi, ƙara ba shi ake yi.

Kaina a sunkuye na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ki miƙo min shi in ba shi." Haka na riƙa yi dare da rana, kan nonona ya tsattsage, ina shayarwa ina cije leɓe. Inna ce ta tsaya min ta bayan fage. Ita ta riƙa ƙirga tsummokinsa masu jiƙewa tana shanya su a igiya daidai ƙofar Gwaggo, tana cewa, "Yaya, wanda ke jin ƙishi ai ba ya fitsari haka."

Gwaggo ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Bayan suna dai ta daina maganar, sai ta koma ɗura min ruwan ni, moɗa bayan moɗa, wai in ba zan ba angonta ba to in sha a madadinsa. Ranar da na yi arba'in zan koma ɗakina, har bakin mota ta biyo ni tana jaddada wa direba ya tsaya a hanya in shayar.