Kaka a Bakin Tafkin Dal: Ki Zo Kafin Ƙanƙara

Uwargida, in kin taɓa kallon tsofaffin finafinan Indiya, to kin ga tafkin Dal ko da ba ki san sunansa ba. Shi ne ruwan nan da jarumi ke waƙa cikin kwale-kwale mai rumfa, duwatsu sun kewaye shi, kamar a fim ɗin Kashmir Ki Kali na 1964. Sai dai fim lokacin furanni yake nuna miki. Ni a ƙarshen Oktoba na sauka Srinagar, sa'ad da baƙi suka fara raguwa, masu gari suka duƙufa shirin sanyi.

Zumunci ne ya kai ni. Ƙawata 'yar garin ce, ɗaki ɗaya muka zauna lokacin da muke karatun aikin jinya a kudancin Indiya, kuma mahaifiyarta ce ke aiko mana da busassun kayan miya har makaranta. Bayan mun rabu sai gaisuwar WhatsApp, kullum ina "zan zo". Rannan ta rubuto cewa ƙafar tsohuwa ta fara gazawa. "In za ki zo, ki zo kafin ƙanƙara," in ji ta.

Kada ki auna sanyinsu da hunturunmu. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,500 daga teku. Daga 21 ga Disamba suke shiga kwana 40 da suke kira Cillai Kalan: ruwa ya daskare a cikin famfo, gefen tafkin ya zama dutse, dusar ƙanƙara da zaftarewar ƙasa su riƙa toshe babbar hanyar Jammu da ake shigo da kaya ta cikinta. Bayansu akwai wasu kwana 20, sannan wasu 10 masu ɗan sauƙi. Macen da ba ta yi tanadi a kaka ba, ita da 'ya'yanta za su ji a jikinsu.

Shi ya sa in kin ɗaga kai a unguwarsu, ko'ina igiyoyi ne a rataye a taga da ƙarƙashin rufi. Tumatir an tsaga an shanya, kauɗarmu sak. Ga yalo mai tsawo an yanka shi gida huɗu, ga duma an fere siri-siri, ga jan barkono jere kamar tsakiya, har da ƙananan kifi. Duka wannan sunansa hokh syun, wato busasshen abin miya. Akwai kuma wani haɗi da suke kira ver: barkono da tafarnuwa da albasa da kayan ƙamshi a daka da mai, a mulmula kamar ƙuli-ƙuli mai rami a tsakiya, a zura a zare ya bushe. Ana gutsura kaɗan a jefa a tukunya, yadda kike yi da daddawa.

Tsohuwa, wadda kowa ke kira Mouj, wato Inna, tana zaune bakin taga da wuƙa a hannu. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, amma da na karɓi wuƙar na fara tsaga tumatir yadda kakata ta koya mini, sai ta kama hannuna tana dariya har da ƙwalla. Ƙawata ta raɗa mini cewa har yanzu tanadin mutum goma take yi, alhali su uku suka rage a gidan: maigida ya rasu, samarin suna Delhi da Dubai. Surukarta kuwa gani take wahalar banza ce, tunda yanzu motoci na kawo ɗanyen kaya, ga jirgin ƙasa ma ya haɗa kwarin da sauran Indiya tun 2025. Na ga gaskiyar yarinyar, amma ban ce uffan ba. Wa zai ce wa tsohuwa ta ajiye wuƙarta?

Da asuba bayan sallah muka shiga shikara, kwale-kwalensu ke nan, zuwa kasuwar kan ruwa. Babu rumfa, babu tebur. Jirgi ne ke matsowa kusa da jirgi, a yi ciniki, kafin rana ta ɗaga an watse. Kayan daga gonakin da ke yawo a kan tafkin suke fitowa: ciyawar ruwa ake tarawa ta yi kauri, a ɗora mata laka, a shuka tumatir da kokwamba a kai. Abin da ya fi daraja a kaka shi ne nadru, saiwar wani furen ruwa mai kama da badonmu, da ake zaƙulowa daga ƙasan tafki da doguwar gora mai ƙugiya. Ambaliyar Satumban 2014 ta lalata shi, aka yi shekaru kafin ya farfaɗo. Mai tuƙa mu ya nuna mana inda ciyawa da ƙazantar gari ke cin ruwan, ya girgiza kai.

A hanyar dawowa za ki ga hayaƙi ƙarƙashin manyan bishiyoyin cinar, waɗanda ganyensu ya koma ja kamar garwashi. Mata ne ke share ganyen, su cinna masa wuta, su yayyafa ruwa kafin ya zama toka, ya koma gawayi. Shi ake zubawa a kangri, ɗan kaskon yumɓu da aka saƙa masa kwando, mutum ya rungume shi a cikin feran, babbar rigarsu mai kama da jallabiya. Abin sha'awa ne, amma idon ma'aikaciyar jinya ba ya hutawa. Na ga tabon ƙuna a hannun wata yarinya, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa manna shi a fata shekara da shekaru na iya jawo ciwon daji. Ke ma da kike shigar da kaskon wuta ɗaki da hunturu, ki bar kafar iska, ki fitar da shi kafin a kwanta, kada ki bar shi kusa da mai rarrafe.

Sauran kwanakin yawon gaishe-gaishe muka yi, domin kowa na son ya ga nasa kafin hanya ta yi wuya. Duk gidan da muka shiga sai an kawo nun cai, shayi ruwan hoda mai gishiri da madara, ana jefa masa ɗan abu mai aikin kanwa don ya yi launin. Kofin farko da kyar na haɗiye, ba zan ɓoye miki ba. Ranar Juma'a muka yi sallah a Hazratbal, farin masallacin da ke bakin ruwa, muka ɗauko tsohuwa a mota don ta ga ƙawayenta. Su huɗu suka zauna a kan ciyawa, kowace da kangri a cikin riga, suna lissafa waɗanda ba su kai wannan kakar ba.

Ranar da zan tafi na ba ta ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da na taho da su daga Kano. Ta shinshina, ta sa 'yarta ta tambaye ni yadda ake kaɗawa, har sau biyu. Sannan ta sa aka sauko da igiyar tumatir guda, cikin wadda muka tsaga tare, ta naɗe a gefen gyalena. A mako na uku na Disamba hoto ya shigo wayata: tagar nan fari fat da ƙanƙara, ga tukunya a kan wuta, miyar ta yi kauri fiye da kima. Na tura musu saƙon murya cewa a ƙara ruwa.