Adakar Kawu: Abin da Ya Sa Nake Tara Kwalayen Fina-finai

A kusurwar ɗakina akwai wata tsohuwar adaka koriya wadda uwargida ta daɗe tana neman a fitar da ita daga gidan. A cikinta akwai faya-fayan fina-finan Hausa sama da ɗari uku, da kaset-kaset na bidiyo ƙwaya goma sha ɗaya, da tarin kwalaye waɗanda abin da ke cikinsu ya daɗe da ɓacewa. Kusan rabin faya-fayan ba su yin aiki. Duk wanda ya leƙa adakar tambaya ɗaya yake yi: me za ka yi da kwalin da babu fim a cikinsa? Na daɗe ina amsawa da murmushi. Yau ina so in amsa da hujja.

Ni mutumin Kusa ne, a ƙaramar hukumar Jibiya, inda Nijar take kusa da mu fiye da birnin Katsina. Ƙanin mahaifiyata yana da rumfar sayar da kaset a kasuwar Jibiya, kuma tun ina firamare nake bin sa ran Lahadi idan kasuwa ta ci. Aikina shi ne naɗe kwali. Daga Kano ake kawo su a shimfiɗe, ɗauri-ɗauri, suna ƙamshin tawada. Sai in lanƙwasa kowane bisa layinsa, in zura kaset a ciki, in jera su a kan kanta fuskokin 'yan wasa suna kallon hanya. Wata rana na yage ɗaya saboda gaggawa. Kawu bai taɓa yi mini faɗa a kan kaset ɗin da ya faɗi ƙasa ba, amma ran nan sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ɗan nan, kaset kowa na iya kwafa. Kuɗin yana jikin takardar da ka yaga."

Sai da na girma na gane cewa tsarin kasuwar gaba ɗaya ya faɗa mini a jimla biyu. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin Hausa ya taso ne a kan hanyoyin da dillalan Kano suka riga suka shimfiɗa don kwafar fina-finan Indiya da na Amurka da kaset ɗin wa'azi. Na'urorin kwafa suna hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, su ne kuma suka san masu sari daga kowane gari. Furodusa ba ya da hanyar ƙirga yawan kaset ɗin da aka kwafa daga uwar da ya miƙa. Abin da yake iya ƙirgawa shi ne kwali. Saboda haka shi ke buga kwalaye a maɗaba'a, ya sayar wa dillali, dillali ya kwafi fim ɗin a kan kaset ɗin da ya saya da kuɗinsa, ya zura a ciki. Kaset ɗin da ke cikin kwalin furodusa halattacce ne, wanda ke tsirara kuwa na sata ne, ko da daga na'ura ɗaya suka fito. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya bayyana wannan tsari a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya nuna cewa haƙƙin mallakar fim ɗin Hausa ya fi zama a jikin kwali fiye da jikin kaset. Shi ya sa idan mai fim ya ce ya sayar da kwali dubu kaza, ma'aunin nasararsa ke nan ya faɗa maka.

A bakin iyaka wannan takarda tana da ƙarin daraja. Da yawa daga masu sari a wurin Kawu daga Maraɗi suke zuwa, ko Madarunfa, ko Ɗan Isa, su ƙetaro ta Magama da sefa a aljihu. Waɗanda suka yi boko a cikinsu Faransanci suka karanta, wasu kuma allo kawai suka yi, amma kwali ba ya bukatar tafinta. Mutum zai ɗaga shi ya ga Ibro ya karkace hula, ya san dariya zai saya. Ya ga Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya san soyayya ce da waƙa. Lokacin da Sangaya ya fito a 1999, da Wasila a 2000, na ga masu sari suna jiran motar Kano tun hantsi. Na ga kuma wanda ya ƙi karɓar kaya saboda launin kwalin ya kwanta, yana zargin bugun jabu ne. Ya san cewa a Maraɗi ma mai saye zai juya kwalin ya duba kafin ya buɗe bakin jaka.

Juya kwalin nan shi ne abin da na fi so in yi har yau. A gaba akwai suna da fuskoki. A baya kuwa akwai abin da babu wanda ya ɗauka da muhimmanci a lokacin: sunan kamfani, da mai ba da umarni, da marubuci, da mai ɗaukar hoto, da mai tacewa, da wanda ya yi kiɗa, da adireshin shagunan da ke rarrabawa, da shaidar hukumar tace fina-finai, wadda Kano ta kafa tata a 2001. Wasu kwalayen suna ɗauke da lambobin wayar tarho na zamanin da wayar hannu ba ta iso ba. Masana'antar da ba ta ajiye rajista ba, ashe ta riƙa rubuta tarihinta a bayan takardar da ake jefarwa. Idan kana son sanin wanda ya riƙe kyamara a wani fim na farkon shekarun 2000, in ba ka dace da shi a tsoffin fitowar mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ko a rubuce-rubucen masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu ba, to sai dai bayan kwali.

Da faifai ya kori kaset, kwali ya fara ramewa. Ya koma siririn aljihu na takarda, daga baya ya zama falle ɗaya a cikin leda. Sai aka shigo da faifai guda mai ɗauke da fina-finai da yawa a cushe, aka zo zamanin fassarar fina-finan Indiya irin ta Algaita, sannan masu tura fim a katin waya suka kafa teburansu a kowace tasha. Fim ya zama abin da ake turawa a 'yan daƙiƙu, ba ya da gaba ba ya da baya. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, kuma zuwa 2020, da Labarina da Izzar So suka fito, harkar ta riga ta koma ta dogon zango a talabijin da YouTube. Ban ce wannan asara ce zalla ba. Yarinyar da ke Agadas da ɗan ci-ranin da ke Jidda suna kallon sabon zango a dare ɗaya, abin da motar Kano ba ta taɓa yi wa kowa ba. Amma Kawu ya rufe rumfarsa ya koma sayar da hatsi.

A daidai lokacin da muke zubar da kwali, wasu a duniya suna mayar da shi kayan alfarma. Kamfanin Criterion na Amurka, wanda ya fara a 1984 da Citizen Kane da King Kong, ya gina sunansa a kan fitar da tsoffin fina-finai cikin sutura mai kyau: a gyara hoto da sauti, a zana sabon bango, a haɗa da ɗan littafin sharhi, a sa muryar masani yana bayani yayin da fim ke tafiya, a kuma ba kowane fim lamba a gefen kwalinsa. Akwai masu fitar da fim a akwatin ƙarfe, ƙwaya ƙididdigaggu, masu tarawa su yi ta rububi. Ko a can kasuwar faifai ta ja baya ƙwarai. An daina ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo a 2016, Netflix kuma ya rufe sashensa na aika faifai ta gidan waya a watan Satumbar 2023. Duk da haka masu tarawa ba su ƙare ba, domin sun lura cewa fim ɗin da kake kallo ta intanet aro aka ba ka. Ranar da yarjejeniya ta ƙare tsakanin kamfanoni biyu, sai ka wayi gari babu shi.

Nasu kwalin ado ne da aka ƙara wa fim ɗin da ya riga ya tsira, domin uwarsa na ajiye a ɗaki mai sanyi. Namu kuwa sau da yawa shi kaɗai ya rage. Na fahimci haka a damina ta 2018. Sauran kayan rumfar Kawu suna jibge a wani ɗakin ajiya a cikin garin Jibiya lokacin da ambaliyar tsakiyar watan Yuli ta afka wa garin. An rasa rayuka da dama da gidaje masu yawa, kuma a irin wannan rana ba wanda zai buɗe baki ya yi maganar kaset. Sai bayan mako biyu muka buɗe ɗakin. Kwalayen da ke ƙasa sun narke sun zama dunƙule guda. Faya-fayan da ke cikinsu na wanke su, wasu ma sun yi aiki, amma mafi yawansu babu ko harafi a jikinsu. Wanda ya tashi na gane shi, wanda ya ƙi tashi kuwa har yau ban san wane fim ne ba. Adakar nan koriya ce kaɗai ta tsira, saboda tana bisa buhuna. Kawu ya dube ta ya ce, "Ɗauke ta, kai ne ka san darajar shara."

Yana da kyau mai karatu ya san cewa faifai ba ya dawwama. Iri biyu ne. Akwai wanda aka buga a masana'anta da tambari, akwai kuma wanda aka ƙona a kwamfuta, wanda bayanansa ke kan wani siririn rini da zafi da hasken rana ke lalatawa a hankali. Da yawa daga cikin namu na biyun ne, kuma a rumfar kwano suka sha bazara. A faifan CD, shimfiɗar da ke ɗauke da bayanai tana dab da saman da ake rubutu a kai, shi ya sa ƙarzuwar sama ta fi ta ƙasa illa. A DVD kuwa tana tsakiya, tsakanin falle biyu na roba. Kaset ma danshi da fumfuna na cinye shi. Takarda mai kauri da aka ajiye a busasshen wuri, nesa da gara, tana iya riga su duka tsawon rai.

Sau ɗaya adakar ta biya ni a fili. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Jibiya na ciki. Lokacin ina gida. Masu hali suna neman layin Nijar, masu tura fim kuma kayansu ya tsaya cak. Dare ya yi tsawo, zukata ba kwance ba. Na haɗa tsohuwar na'urar faifai da batirin sola, na zube kwalaye a gaban Inna na ce ta zaɓa. Ta daɗe tana juya su. Ta tsaya a kan fuskar Balaraba Muhammad, wadda ta rasu a 2003, da ta Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu ranar farko ta 2007, ta yi musu addu'a. Sannan ta ɗauki na Rabilu Musa Ibro, shi ma ya riga mu gidan gaskiya tun Disambar 2014. A daren nan na ji dariyarta a karon farko cikin makonni. Jikokinta kuwa kwalin suka riƙa karɓa hannu-hannu, suna mamakin cewa fim abu ne da ake iya riƙewa.

Za a ce ai tsoffin fina-finan suna YouTube. Wasu suna nan, amma je ka duba yadda suke. Sau da yawa an yanke sunayen ma'aikata na farko da na ƙarshe, an canja sunan fim ɗin don jan masu kallo, an manna tambarin wanda ya ɗora, babu shekara. Kuma ranar da aka rufe tashar, shi ke nan. Muna da darasi a Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da yawa ana ɗaukar ya ɓata, sai a 2016 aka gano faya-fayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ya dawo ne saboda akwai abin da za a iya ɗagawa da hannu, mai suna a jikinsa. Fina-finan bidiyon da Kano ta yi cikin shekara ashirin ba su da irin wannan gata, sai abin da ya maƙale a ɗakunan mutane.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma ba ya cin kuɗi. Idan akwai irin wannan adaka a gidanku, kada a ba yara su yi wasa da ita, kada a hura wuta da kwalayen. A ɗauki hoton gaba da bayan kowane. A kwafe faya-fayan da ke aiki zuwa kwamfuta tun suna amsawa, a rubuta wa kowane suna da shekara in an sani. A ajiye su a tsaye, cikin inuwa, nesa da ƙasa. Wanda ba ya da wurin ajiya ya tuntuɓi sashen Hausa ko na aikin jarida a jami'ar da ke kusa da shi. Masu fim kuma da suke da uwar tsoffin ayyukansu, su yi tunanin sake fitar da ko da goma daga ciki, a gyare, da cikakkun sunaye da ɗan tarihin yadda aka yi su. Ni dai zan saya.

Na fara nawa aikin. Kowace Asabar nakan ɗauki hoton kwali ashirin, in rubuta sunayen da ke bayansu a wani littafi. Akwai wani mai ɗaukar hoto da na ci karo da sunansa a kwali goma sha bakwai, ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban kuma taɓa jin an ambace shi a wata hira ba. Uwargida har yanzu tana cewa adakar ta cinye mata wuri, amma makon jiya na tarar ta ɗora ta a kan bulo biyu, saboda damina ta kusa.