Tsohuwar Bindiga da Shaidar da Ke Jikinta

Akwai kayan da tsufa ke karya wa daraja, kamar mota da takalmi. Akwai kuma waɗanda tsufa ke ɗaga wa daraja, muddin an bar su yadda suke. Bindigar sojan Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ake kira Karabiner 98k, ko K98k a taƙaice, tana cikin kashi na biyu. A kasuwar masu tara kayan tarihi ta Amurka da Turai, akan ajiye irin wannan bindiga guda biyu a kan tebur ɗaya, wannan tana ƙyalli, waccan ta yi duhu ta koɗe, amma a sayi mai duhun da ninkin kuɗin mai ƙyallin. Baƙo sai ya riƙe baki. Dalili shi ne masu sayen shaida suke nema, kuma shaidar da aka sa wa hannu ta daina zama abin dogaro.

Asalin bindigar daga wata ce mai suna Gewehr 98 ta shekarar 1898, ƙirar Paul Mauser na garin Oberndorf. Sojan Jamus sun ɗauke ta a hukumance a 1935, aka kuma yi ta ƙera ta har 1945. Tsawonta santimita 111 ne, nauyinta kusan kilo 4, tana cin harsashi 5. Da hannu ake ɗana ta, ta hanyar jan wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa. An ƙera fiye da miliyan 14, saboda haka samun ta ba wuya. Abin da ke da wuyar samu shi ne wadda ta kawo yau da dukan sassan da ta baro masana'anta da su.

Mai tantancewa yakan fara duba ƙarfen tsakiya, inda harsashi ke shiga. Ba zai ga sunan kamfani a wurin ba, sai wasu haruffa da lambobi. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ƙayyade makaman da Jamus za ta mallaka, don haka da aka soma ƙera bindigar a 1934 sai aka ɓoye sunan maƙera. Masana'antar Mauser ta Oberndorf ta zama "S/42", shekarar 1934 ta zama harafin K, 1935 kuma harafin G. Daga baya alamar ta koma "42", sannan "byf" a 1941, sannan "svw" a 1945. Kamfanin Sauer na garin Suhl ya yi amfani da "ce", na Steyr a Ostiriya da "bnz", na Brno a ƙasar Cek da "dot".

Bayan wannan sai hatimin masu duba makamai na rundunar soja, ofishin da Jamusawa ke kira Waffenamt. Hatimin ɗan ƙaramin hoton mikiya ne da lamba a ƙarƙashinsa, kuma kowace lamba ta wasu masu duba ce da aka ajiye a wata masana'anta a wani lokaci. Lamba 135, alal misali, tare take tafiya da "byf". Ƙirar kanta ma tana faɗin shekararta. Ƙotar bindigogin farko daga katako guda aka sassaƙa ta, daga baya aka koma manne siraran falle-fallen katako da gam. Zuwa ƙarshen 1944, da yaƙi ya juya wa Jamus baya, sai aka riƙa fitar da bindigogi babu tsinken goge bututu, babu wurin ɗaura wuƙa a baki, aikin kuma duk kaushi. Idan shekara ta ce 1936 amma ƙota ta ƙarshen yaƙi ce, to ɗaya daga cikinsu baƙuwa ce a jikin bindigar.

Babban abin da ke yanke farashi shi ne lambar bindiga. Akan buga lamba ɗaya a ƙarfen tsakiya da sakata da ƙota da sauran manyan sassa, ƙananan sassa kuma sau da yawa adadi biyu na ƙarshe kawai suke ɗauka. Idan duka suka dace, bindigar tana sahun gaba. Idan ba su dace ba, sai a tambayi dalili, domin rashin dacewar ma tarihi ne. A wuraren miƙa wuya na 1945 an sha zare sakata a tara gefe guda, bindigogi a wani gefen. Sojan Amurka da ke son tsarabar yaƙi yakan ɗauki bindiga a nan, sakata a can, wani lokaci ma ya yanke ƙotar gida biyu don ta shiga jakarsa. Tarayyar Sobiyet kuwa ta kama bindigogi masu ɗimbin yawa, ta wargaza su, ta sake haɗawa ba tare da kula da lamba ba. Ana gane irin waɗannan da alamar X a ƙarfen tsakiya, da lambar da aka zana da alƙalamin lantarki a jikin sakata. Norway da Isra'ila sun sauya wa nasu bututu don su ci wani harsashi dabam. Duk waɗannan na gaske ne, sai dai kuɗinsu bai kai na wadda ba a taɓa ba.

Inda duk kuɗi ya taru, mayaudara ba sa nisa. Wani yakan kankare lambar sakata ya buga wadda ta dace. Wani yakan ƙara hoton ƙoƙon kai na rundunar SS, ko ya huda ƙarfe ya ɗora madubin hangen nesa, ya ce bindigar gwanin harbi ce, tun da ya san irin waɗannan sun fi tsada nesa ba kusa ba. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Inda aka kankare, ƙarfe yakan ɗan lotsa. Siffar lambobin kowace masana'anta sananniya ce ga masana. Sabon hatimi kuma bakinsa da kaifi yake, alhali duk abin da ke kewaye da shi ya sha shekara 80 yana gogewa. Gwani yakan duba da gilashin ƙara girma a cikin haske mai kyau, ya kwance ƙota ya leƙa cikinta. Wanda ya saya daga hoto biyu ko uku a intanet ya yi cinikin biri a sama.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Sau da yawa a Amurka magada kan tsinci irin wannan bindiga cikin kayan kakansu da ya yi yaƙi a Turai. Saboda ƙauna sai jika ya kankare katakon har ya yi fes, ya shafa masa mai ƙyalli, ya kai ƙarfen a sake masa launi. Ya yi gyaran gangar Auzinawa ke nan, domin hatiman da ke jikin katako ba su da zurfi, da sun tafi kuwa ba su dawowa. Abin da ya kamace shi kaɗan ne. Ya sa wanda ya san makami ya tabbatar babu harsashi a ciki, ya bincika dokar inda yake zaune, ya shafa ɗan mai don tsare tsatsa, ya kuma adana takardar izinin da rundunar Amurka kan bai wa soja don shigo da ganimarsa gida. Wannan takarda, idan lambarta ta dace da ta bindiga, tana ƙara mata daraja ƙwarai.

Sai dai shaidar da ke jikin K98k ba ta tsaya ga farashi ba. Daga 1943 kamfanin Steyr, mai alamar "bnz", ya sa fursunonin sansanin Gusen aikin tilas na ƙera sassan bindiga. Kamfanin Gustloff, mai alamar "bcd", shi ma ya kafa masana'antar makamai a gefen sansanin Buchenwald. Dubban mutane sun mutu a waɗannan sansanoni saboda yunwa da duka da wahalar aiki. Haruffan nan uku da dillali ke karantawa don ya yanke kuɗi, su ne kuma ke nuna hannun wa aikin ya ratsa.

Don haka ne kyakkyawan mai tantancewa yake wa bindigar irin tambayoyin da alƙali ke wa mai ba da shaida: daga ina take, yaushe aka yi ta, wa ya taɓa ta bayan haka. Ba ya ƙara mata abin da ba ta faɗa ba don ta yi tsada, ba ya kuma share abin da ta faɗa don ta yi daɗin kallo. Sojojin da suka riƙe ta da fursunonin da suka ƙera sassanta kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Nan gaba kaɗan, ɗalibin da ke son sanin abin da ya faru tsakanin 1934 da 1945 zai dogara ne ga takardu da kayan da suka rage, kuma amfaninsu gare shi zai danganta da yadda masu riƙe da su a yau suka kiyaye amanarsu.