Kai Amarya da Hantsi

Kakata takan ce ita sai bayan isha'i aka kai ta ɗakin miji a Faskari, da fitila da guɗa, har asuba ana kiɗa. Matar yayana kuwa da hantsi muka ɗauko ta daga Sabuwa, kowa idonsa na kan agogo.

Mai karatu ya san dalili. Tun kafin 'yan bindiga su kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, mutanenmu suka bar tafiyar dare.

Muka biyo ta Ɗandume da Funtuwa, muka ratse Faskari don tsohuwa ta sa albarka. Ashe ta tara dangi, an tuƙa tuwo, har ta sa an yanka ɗan akuya. Yaya ya durƙusa ya ce, "Kaka, ki yi haƙuri, rana ta yi." Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce a juye naman a langa mu tafi da shi. Ni dai a ganina da mun zauna ko na rabin awa ne, amma ba ni ke riƙe da mota ba.

Kafin la'asar muna Ƙanƙara. Gwaggonni suka yi jere, aka kafa gado, aka gyara kwanuka. Akwati guda ne amarya ta hana a taɓa. Da na je hutu bayan wata huɗu, na iske shi a bayan ƙofa, ɗaure da igiyarsa. Na tambaye ta, ta ce, "Ƙanin miji, bar shi nan tukuna."