Akwatin Baba

Daminar bara ta yi mana ɓarna a Dandin Mahe. Ɗakin marigayi mahaifinmu ya yi yoyo, sai Mama ta ce a fid da kayan ciki a shanya. A ƙarƙashin gado muka tarar da wani akwatin ƙarfe wanda ba a buɗe ba tun rasuwarsa. Da muka ɓalle kwaɗon, sai ga littattafai, gara ta riga ta fara cin na ƙasa.

Uku daga cikinsu suka fi ɗaukar hankalinmu. Na fari shi ne Revised Latin Primer na Kennedy, littafin nahawun Latin, watau harshen Romawa na dā. Na biyu ƙamus ne na Cassell, daga Latin zuwa Turanci. Na uku kuwa babban ƙamus na Bargery, daga Hausa zuwa Turanci, wanda aka buga a 1934, mai kalmomi wajen 39,000. Bangonsa ya rabu, Baba ya ɗinke shi da zaren buhu.

Mama ta ce, "Tun da ba mai karanta su, a ba mai ƙosai ta riƙa ƙunshi da su." Gaskiya mu ma zuciyarmu ta karkata can. Yau shekara 20 muna koyarwa a makarantar ekklisiya, amma ko layi ɗaya na Latin ba mu iya karantawa. Sa'ad da muke samari Baba ya sha kiranmu da maraice ya koya mana. Mu kuwa sai mu ce ba a koyar da shi a makarantarmu, mu zame mu tafi ƙwallo. Ya yi ta kira har ya gaji ya bari.

Muna cikin shanya su a ƙofar gida, sai maƙwabcinmu ya zo wucewa. Dattijo ne, malamin allo. Ya tsaya ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya, ya ce, "Malam, na wane ne?" Muka ce, "Na Baba ne, Baba Malam. Mun rasa abin da za mu yi da su." Ya ce, "Ni ma akwai na mahaifina a gafaka. Waɗansu sun fi ƙarfin karatuna, amma ina kaɗe musu ƙura, gama ban san jikan da Allah zai buɗe wa kai ba. Duba gefen takardar nan, ai hannunsa ne." Ba mu yi mamakin maganarsa ba. Ƙasar nan ta san darajar littafi tun dā. A Sifawa, kusa da mu, Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga.

Da muka duba gefen shafin, ashe rubutun Baba ne da fensir, ƙanana ƙanana. Kusa da aqua ya rubuta "ruwa". Kusa da panis ya rubuta "gurasa". Kusa da mater ya rubuta "inna". Nan muka gane yadda ya yi karatunsa a makarantar mishan wajen 1960. Sai ya nemi kalmar Latin cikin ƙamus na Cassell ya sami Turancinta. In Turancin ya shige masa duhu, sai ya koma ƙarshen Bargery, inda aka jera kalmomin Turanci, ya bi sawu har ya iso Hausa. Kalma guda, littafi uku, ga fitilar aci-bal-bal. Bai yarda ya ce ya san kalma ba sai ya iya faɗinta da harshen da ya sha a nono.

Tun daga ranar muka shiga buɗe littafin Kennedy da dare, mu da ɗanmu na aji shida. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, a Latin ƙarshen kalma ke nuna aikinta. In an ce magister puerum vocat, malam ne ke kiran yaro. In an ce magistrum puer vocat, yaro ne ke kiran malam, ko da shi ke malam ne a gaba. Suna yana da sigogi 6, sunaye kuma sun kasu gida 5, duka sai an haddace. Wanda bai lura da wutsiyar kalma ba, sai ya juya magana. An fara buga littafin a 1888, Kennedy ya riga ya tsufa ƙwarai, har masu bincike sun nuna 'ya'yansa mata biyu, Marion da Julia, su suka yi yawancin aikin. Da muka ji haka sai kunya ta kama mu. Waɗansu 'ya'ya sun ɗauke wa ubansu kaya, mu kuwa ko zama kusa da namu mun ƙi.

Mun kuma gane Latin bai yi nisa da mu kamar yadda muke zato ba. Haruffan bokon nan da kuke karantawa na Romawa ne, an dai ƙara mana masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Watan Yuli sunan Yuliyas Kaisar ne, Agusta kuwa na Augustas. Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba daga bakwai, takwas, tara da goma suka fito, gama a dā shekarar Romawa daga Maris take farawa. Dinari ya zo mana ta bakin Larabawa daga denarius, kuɗin Roma. Baba ya yi aikin malamin asibiti, ashe "t.d.s." da yake rubutawa a katin magani gajarcewar Latin ce, watau a sha sau uku a yini. Faransancin da ake ji a Birnin Ƙonni ma jikan Latin ne.

Kada mu ɗauka harshen manyan malamai ne tun asali. Da shi ake ciniki a kasuwa, da shi uwa ke rarrashin ɗanta. Domin haka ne Jerom ya fara gyara fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Latin a shekara ta 382, ya ƙare wajen 405 a Baitalami, don mutane su ji da harshen da suka sani. Abin da aka yi mana ke nan a 1932, sa'ad da aka buga dukan Littafin da Hausa.

To, iyaye, ba cewa muke kowane gida ya koyi Latin ba. Abin da ke damunmu shi ne, a ajinmu yaro yakan karanta shafi guda sumul, amma in ka tsai da shi a kan kalma ɗaya ka tambayi ma'anarta, sai ya sunkuyar da kai. Waɗansu kuwa su kwafo amsa daga waya, ba su san abin da suka rubuta ba. Maganin abin ba tsada. A sami ƙamus a gida, ko tsoho ne. Bayan tuwon dare a ɗauki kalma ɗaya, yaro ya nemo ta da kansa, ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya sa ta cikin magana. Mun gwada a ajinmu zango biyu, yanzu yara da kansu suke kawo kalmomin da suka ji a rediyo ko a wa'azi.

In kuwa akwai tsoho a gidanku mai wani sani, ko na littafi ne, ko na noma, ko na saƙa, ku zauna kusa da shi tun yana iya magana. Mu mun makara, sai rubutun fensir ya rage mana.

Littattafan suna nan a kan kanta, mun sa musu ganyen darbejiya saboda ƙwari. Shekaranjiya muka ga ɗanmu ya buɗe na Kennedy, ya ɗauki fensir. A ƙarƙashin rubutun kakansa, kusa da pater, ya rubuta "baba".